Sawun Yasmin Cikin Toka

Tun da Yasmin ta cika wata takwas ba ta tsayar da wuya ba, Yaya Kyauta, yayar babanta, ba ta ƙara ɗaukarta ba. In an miƙa mata ita, ko hannunta na da manja ko bayanta na ciwo. Saboda haka ranar Talatar da ta sauka unguwar Dutsen Kura ta Minna daga Wushishi, ta jingine buhun doya a bakin ƙofa, ta wuce kai tsaye ta sunkuci yarinyar daga kan tabarma tana cewa "'yar gidan gwaggo", sai Nana Khadija, uwar yarinyar, ta sha jinin jikinta. Ta karɓi baƙuwa da fara'a, ta kawo ruwa, amma a ranta cewa ta yi da walakin, goro a miya.

Yasmin shekararta biyar. Shawara ce ta kama ta kwana uku da haihuwa, idanu suka yi ɗorawa, aka yi ta shanya ta a hantsi ana ɗura mata ruwan gulukos kamar yadda tsofaffi suka ce. Kafin a kai ta asibiti mai afkuwa ta afku. Likita ya ce ciwon ya taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa gaɓoɓi, amma hankalinta garau yake. Ƙafafunta a sanƙare suke, suna harɗewa kamar almakashi. Hannun hagu kullum a dunƙule, sai an lallaɓa yake buɗewa. Inda aka ajiye ta nan ake tarar da ita. Ta san muryar babanta tun daga bakin titi, tana dariya in kaza ta saci abu, kuma duk duniya ba abin da take so irin dafaffen ƙwai.

Mutanen gidan hayar ba su damu da abin da likita ya ce ba, suna da nasu bayanin. Mai ciki in za ta wuce ƙofar sai ta kau da kai ta tofar da yawu. An hana yara cin abinci kusa da tabarmarta. Wata ma janye randarta ta yi daga jikin bangonsu, wai sauro. Ba wanda ya taɓa faɗa a gaban Nana Khadija, amma bango na da kunne, ta sha jin kalmar nan da ake sauke murya kafin a furta ta, wai yarinyar ba mutum ba ce. Rhoda kaɗai, wadda ake kira Maman Eric, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida, 'yar kudancin Kaduna, ita ke leƙowa ta goge wa Yasmin miyau da gefen zanenta ba tare da ta je ta wanke hannu ba.

Kowace Talata Nana Khadija kan goya ta zuwa sashen gashin ƙashi. A can wata Madam Susan ta koya mata ta riƙa kwantar da ita rub da ciki, ta ajiye abin da take so ɗan nesa da hannunta. Shekara biyu ke nan kullum da safe ana ajiye dafaffen ƙwai taƙi biyu gaban Yasmin. Takan ɗago kai, ta kafa gwiwar hannu, ta yi nishi har jijiyar wuya ta fito, sannan ta fashe da kuka. Uwar ta ɓare mata ƙwan, ta ce gobe ma rana ce. Ba ta taɓa gusawa ko da faɗin yatsa ba.

Ranar Laraba Yaya Kyauta ta fara tambayoyi, cikin wasa, tana tsinke zogale.

"Ni Nana, yarinyar nan in ta ga ruwa a baho murna take yi?"

"Kowane yaro ai yana son ruwa, Yaya."

"Haka ne. Harshen nan fa, kullum take fito da shi?"

"In ta gaji."

"Lokacin cikinta, da kika zo mana Wushishi, ba ki bi yara bakin kogi ba kuwa? Na manta."

Ba ta manta ba. Yaya Kyauta ba ta mantuwa, matar da har yau take iya lissafa wanda bai zo gaisuwar mijinta ba shekara goma da suka wuce. Da la'asar, Nana Khadija na gyara shimfiɗa, jakar baƙuwar ta kife, ta ga farin yadi sabo fil, da ƙwan kazar Hausa guda ɗaya naɗe cikin tsumma. Ta mayar da su yadda ta gan su. Ran Alhamis rariyar tankaɗenta ta ɓace daga jikin ƙusa. A ranar kuma sau biyu tana tarar da Yaya Kyauta da Ayuba a gindin mangwaron ƙofar gida kai haɗe, tana isowa su koma zancen farashin taki.

Ayuba, mijinta, kafinta ne, mutum mai sanyi. Shi ya ƙera wa Yasmin kujera mai maɗauri, ya goge ta da sanfefa har sau uku don kada wani tsinke ya soke ta. Nana Khadija ba ta taɓa shakkar yana son 'yarsa ba. Sai dai Yaya Kyauta ce ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, kuma namijin da aka goya, ko ya yi gemu, bai cika iya kallon bayan da ya hau ya ce a'a ba. Ga shi tun bayan Yasmin ciki biyu Nana Khadija ta yi suna zubewa, kuma ta san a Wushishi an gama yanke hukuncin wanda ya tare hanya.

"Baban Yasmin, me ya kawo Yaya?" ta tambaye shi yana wanke hannu.

"Zumunci mana. Sai da dalili za ta zo gidan ƙanenta?"

"Farin yadi fa?"

Ya daɗe yana cuɗa sabulu a hannun da ya riga ya fita.

"Ke dai kin cika zargi," ya ce, bai dube ta ba.

Ran Juma'a da hantsi Yaya Kyauta ta ware doya uku ta ce a kai wa wata gwaggonsu a Tudun Fulani, ita ƙafarta ta kumbura. Nana Khadija ta ɗauko zanen goyo.

"Haba, bar min ita. Yau dai ki hutar da bayan nan, shekara biyar kina ɗauke da kaya."

Nana Khadija ta dubi mijinta. Yana zaune yana goge takalmin masallaci kamar za a duba fuska a jikinsa.

"Je ki mana, ai Yaya na nan," ya ce wa takalmin.

To me za ta ce? Ta tsaya tsakar gida ta ce tana zargin yayar mijinta saboda yadi da ƙwai? Ta sumbaci Yasmin a goshi, ta ɗauki doya. Amma kafin ta fita ta zaro ɗayan mukullin kwaɗon ɗakin daga cikin kwallar da take ɓoye shi, ta ƙulle a bakin zane.

Keke-napep bai kai rabin hanya ba wayarta ta yi ƙara. Rhoda ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Maman Yasmin, ki sauka duk inda kin kai. Ki dawo yanzu. Kar ki bi ta gaban gida, bi ta lungu na baya."

A bayan ɗakin girki ta tarar da ita tana jira, hannu a ƙirji.

"Sista na mijinki ya zo ya kwashe toka na murhu na duka. Na ce na menene, ya ce na wanke tukunya. Ina kallo ta taga, ya tankade shi a falo naku, ko'ina. Ya cire wa Yasmin riga, ya rufe shi da farin yadi, ya kwantar da shi a ciki. Ya sa kwai a bakin kofa, ya kulle. Ya ce wa kowa kar a zo kusa sai la'asar."

"Ina Yaya take?"

"Ya tafi tasha zai dauko wani tsoho, Baba Ndatsu. Oga naki ya tafi masallaci." Rhoda ta kama hannunta. "Na san wannan abu. An yi wa yaron kanwar mama na a kauye. Sun ce idan babu ido a kansa, zai koma maciji ya je ya sha kwai. Tsoho zai duba toka. Idan ya ga layi, za su kai shi bakin ruwa, su ajiye, su juya baya. Babu waiwaye. Za su ce ya koma gidansu."

"Yaron fa?"

Rhoda ta kau da kai. Ta ce, "Sau daya ake yi. Idan toka ya fito lafiya, maganar ya mutu har abada."

Nana Khadija ta dafa bango. Biri ya yi kama da mutum. Amma ko a cikin wannan firgicin wani tunani ya ɗan sanyaya mata rai, tunanin da ta ji kunyarsa: ai Yasmin ba ta motsi. Su tankaɗe tokar garin Minna kaf, inda suka ajiye ta nan za su same ta.

Tsakar gidan tsit. Kowace ƙofa a rufe, har da tagogi, duk da zafin da ake yi. Tsoron da ya kulle maƙwabta a ɗakunansu shi ya rufa mata asiri. Ta buɗe kwaɗon, ta tura ƙofa a hankali. Ƙofar ta tokari wani abu mai laushi, abin ya yi dariya.

Yasmin ce. Tana kwance a bakin ƙofa daga ita sai ɗan kamfai, toka tun daga haɓa har yatsun ƙafa, gwaiduwa na bin hannunta. Ta ɗago kai ta ga uwarta, ta buɗe baki da dukan haƙoranta.

"Mma."

Can ƙuryar falon tabarma take, farin yadin yashe a kanta. Daga tabarmar zuwa ƙofa kuwa ga hanya nan a cikin toka, guda ɗaya, mai faɗin cikin yaro. Ta karkata dama inda ta kafa gwiwar hannun dama, ta karkata hagu inda ta ja ɗaya ɓarin, ƙafafun da ke harɗe suka bi baya suka shafe tsakiya sumul. Haka ta yi ta lanƙwasa har bakin ƙofa. Ko makaho ya shafa ya san da me za a kamanta ta.

Nana Khadija ta durƙusa. Shekara biyu tana dafa ƙwai, shekara biyar tana roƙon Allah a kowace sujada Ya nuna mata wannan rana. Ta yi niyyar ranar da ta zo za ta yi guɗa har a ji ta a bakin titi, ta dafa shinkafa ta raba wa gidan nan duka, har da masu tofar da yawu. Ga ranar ta zo, kuma ba wanda ya gani sai toka. Ta rungume yarinyar ta toshe bakinta da zane, ta yi kukan da ba ta san ko na murna ba ne ko na baƙin ciki.

Rhoda ta leƙo ta kafaɗarta, ta ga hanyar, ta dafe kai.

"Ki dauke shi ki gudu. Ko mu kira mai unguwa."

"In gudu ina? Uwata ta rasu, ubana ya rasu. Mai unguwa kuma in ya zo, me zai gani? Toka da ƙwai. Za su rantse magani ne." Ta share fuska. "In na yi rigima yau, Yaya za ta koma ta jira. Wata rana zan kwanta ciwo, ko in shiga wanka. Kin ce sau ɗaya ake yi?"

"Sau daya."

"To yau za a yi shi a gama. Ara min tsintsiya, Maman Eric."

Daga lasifikar masallaci ana jin liman ya fara huɗuba. Rhoda ta karɓi Yasmin ta shige ɗakinta da ita, ta goge ta tas da jiƙaƙƙen tsumma, ta ba ta kunu. Nana Khadija ta tsaya da tsintsiya a bakin tabarma. Ta daɗe tana kallon hanyar, tana bin ta da ido lanƙwasa bayan lanƙwasa, don ta san ba za ta ƙara ganinta ba. A tsakiya akwai wani wuri da tokar ta dame, inda yarinyar ta tsaya ta huta, miyau ya zuba. Daga nan ta sake tashi. Ita kaɗai, ba mai cewa yauwa.

Ta share. Ta kankare inda ƙwai ya fashe, ta wanke da omo saboda ƙarni, ta fifita da faifai har simintin ya bushe. Rariyarta tana bayan kujera inda Yaya Kyauta ta ɓoye ta. Tokar ba ta isa ba, sai da Rhoda ta kwaso ragowar ta ƙasan murhu. Saura ƙwai. Na shago manya ne, jajaye, ko yaro ba zai ruɗe ba. Rhoda ta tafi akurkinta ta cusa hannu ƙarƙashin kazar da ke kwanci, ta sha tsattsaga biyu, ta fito da ɗan ƙarami fari.

Aikin da ya fi wuya shi ne Yasmin. Ta gano abin da jikinta zai iya, kuma ba ta da niyyar mantawa. Ana kwantar da ita sai ta kafa gwiwar hannu. Nana Khadija ta goya ta tana kai da komo a bayan ƙofa, tana jijjiga ta, tana jin an tayar da salla, an yi raka'a ta farko, an yi ta biyu. Allah Ya taimaka gajiyar tafiya da kunu suka haɗu, kan yarinyar ya langaɓe. Ta kwantar da ita rub da ciki, ta lulluɓa mata farin yadin, ta sunkuya saitin kunnenta.

"Yi barci, uwata. Don Allah kada ki motsa."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Ta ciji leɓe, ta ɗauki rariya, ta riƙa tankaɗe tana ja da baya tana rufe sawunta, har ta kai ƙofa. Ta ajiye ƙwan, ta mayar da kwaɗo.

A ɗakin Rhoda ta zauna, ido a tsagar labule, kunne a ƙofar ɗakinta. Duk ƙarar da ta ji sai ta ɗauka jan ciki ne. Ba ta taɓa sanin tsakanin azahar da la'asar yana da nisa haka ba.

Ana kiran salla suka shigo, Yaya Kyauta a gaba, ƙafar da ta kumbura da safe ta warke sarai. Bayanta wani tsoho ne siriri da jakar fata, sai Ayuba a ƙarshe, kai a ƙasa. Nana Khadija ta bar doyar nan, ta zaga ta lungu, ta shigo ta ƙofar gida da mayafinta kamar mai dawowa daga unguwa.

"Har kin dawo?" in ji Yaya Kyauta.

"Na dawo, Yaya. Lafiya aka kulle min yarinya a ɗaki?"

"Magani ne. Tsaya nan, kada ki taka."

Ƙofofin maƙwabta sun fara buɗewa kaɗan-kaɗan. Aka cire kwaɗo. Nana Khadija ta kasa kallon ƙasa, sai ta kalli fuskar mijinta, ta ga ya sauke numfashi. Sannan ta duba. Tokar na nan lumui, Yasmin na barci inda aka bar ta.

Baba Ndatsu ya tsuguna a bakin ƙofa da ƙyar. Ya kwantar da kai gefe yana hango tokar ta saitin haske, ya daɗe. Ya shaƙi iska sau biyu. Ya ɗauki ƙwan ya juya shi, ya kai kunne ya girgiza, ya dunƙule shi a tafin hannu. Sannan ya ɗago jajayen idanunsa ya sauke su kan Nana Khadija, tun daga mayafi har ƙafa. Ta tuna ba ta duba ƙarƙashin faratanta ba, ta naɗe hannu cikin mayafi.

"Kwai yana da dumi," in ji tsohon.

Yaya Kyauta ta juyo ta dubi matar ƙanenta.

"Ƙofar ƙarfe ce, Baba," Ayuba ya ce a hankali. "Rana na dukanta tun azahar."

Tsohon ya taɓa ƙofar da bayan hannu. Ya gyaɗa kai, ya jefa ƙwan cikin jakarsa.

"Babu hanya. Wannan dan Adam ne. Ciwo ne kawai Allah ya ba shi."

Nana Khadija ba za ta manta fuskar Yaya Kyauta ba har ta mutu. An ce wa mace 'yar ƙanenta mutum ce, amma fuskarta ta faɗi kamar wadda aka ce wa kayanta sun nutse a kogi.

"Baba, ko dai lokacin ne bai isa ba? A sake gwadawa mana gobe."

"Sau daya ake yi, Hajiya. Wanda ya yi biyu, a kansa yake komawa."

Hayaniyar ce ta tashi Yasmin. Ta ɗago kai, ta hango babanta a bakin ƙofa, fuskarta ta washe. Nana Khadija ta ga gwiwar hannun dama ta fito daga ƙarƙashin yadin ta kafu a tabarma. Ba ta san lokacin da ta keta tokar ba. Ta zauna dab da ita, ta zura hannu ƙarƙashin yadin, ta damƙe idon sawun yarinyar. Yasmin ta ja, ta sake ja. Ta waiwayo ta dubi uwarta da mamaki, uwar da kullum ke cewa taho, taho. Sannan ta fashe da kuka mai cin rai.

"Yunwa ce," in ji Nana Khadija, ba ta saki ba.

Ayuba ya shigo ya ɗauki 'yarsa ya ɗora a kafaɗa. Yana lallashinta yana murza ɗan hannun hagun nan kamar yadda ya saba, yatsa bayan yatsa, har ya buɗe. Nana Khadija na kallo ta ga ya tsaya cak. A tsakiyar tafin, inda tsumman Rhoda bai kai ba, ga ɓawon ƙwai ɗan mitsitsi manne da toka. Ya dube shi, ya dubi matarsa. Sai ya rufe hannun yarinyar cikin nasa, ya juya wa ƙofa baya.

Yaya Kyauta ba ta kwana ba. Ta ce gara su sami motar ƙarshe ita da tsohon. Ta naɗe farin yadinta ta tafi da shi, ba ta ko dubi inda "'yar gidan gwaggo" take ba. Ayuba ya raka su bakin titi ya dawo, rana ta yi ja. Ya tarar an share falon, Yasmin na kan tabarma, Nana Khadija na zaune ta jingina da bango. Ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Daga ina zuwa ina?" ya ce.

Ta nuna masa da haɓa. Ya ciro tef daga aljihu, ya durƙusa, ya kafa bakinsa a gefen tabarma, ya ja har bakin ƙofa. Sai da ya auna sau biyu.

"Ƙafa tara da inci huɗu." Ya ɗago ya dube ta. "Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa. Da ya samu magana sai ya ce, "Wallahi don in rufe bakin Yaya na yarda. Na ce a yi a gama, kowa ya huta. Na san ba ta motsi, shi ya sa."

"Ka san ba ta motsi," ta maimaita. Ba ta ɗaga murya ba. "Baban Yasmin, da ban dawo ba fa? Da kai ka buɗe ƙofar nan, Yaya na gefenka, tsohon na gefenka, gidan nan kaf na leƙe, ka ga abin da na gani?"

Ya buɗe baki. Tef ɗin ya kuɓuce masa ya naɗe kansa da ƙara. Ta jira, ta ba shi lokaci mai yawa, don tana so ya ce wani abu, ko da ƙarya ce. Bai ce ba.

A kan tabarma Yasmin ta kafa gwiwar hannu. Wannan karon ba wanda ya riƙe ta. Ta karkata dama, ta ja, ta karkata hagu, ƙafafu na biye a harɗe, numfashinta na fita da ƙyar, idonta a kan babanta. Nana Khadija ba ta kalli 'yarta ba, duk da shekara biyar ta yi tana jiran ganin haka. Ƙafar mijinta take kallo. Yarinyar ta huta a tsakiya, ta sake tashi, ta iso, ta miƙa hannu mai jiƙe da miyau ta kama babban yatsansa tana dariya.

Ƙafar ta ɗan zabura. Kaɗan ne ƙwarai, wani ma ba zai lura ba. Bai janye ta ba, ya sunkuya ya ɗauki 'yarsa ya ƙanƙame yana kuka. Amma Nana Khadija ta gani. Ta taɓa bakin zanenta, ta ji mukullin yana nan, ta ƙara masa ƙulli ɗaya.